Yaƙin 1899 a Tasawa da Damagaram: gazawar sulhu ce ta kawo shi, ko dama yana tafe?

Duk wanda ya bi babbar hanyar kwalta daga Tasawa zuwa Damagaram sai ya ratsa Mai Jirgi. A nan ne, ranakun 16 da 17 ga watan Yuli na 1899, aka kashe wasu hafsoshin sojan Faransa biyu, Chanoine da Voulet, kuma sojojinsu ne da kansu suka harbe su. Kafin nan, ranar 14 ga wata, a Ɗankori kusa da Tasawa, Voulet ya sa an bindige na gaba da shi, Kanar Klobb. Mako biyu bayan haka ragowar rundunar ta karya dakarun Sarkin Damagaram a Tirmini, ta shiga birnin Zinder. Wannan kam galibinmu mun ji shi, ko a lakwal ko a bakin kakanni.

Inda ake rabuwa shi ne wajen dalili. Wasu na cewa da Sarkin Damagaram Amadu Kuran Daga bai sa an kashe Kyaftin Cazemajou a 1898 ba, da Nasara ba su shigo da wuta haka ba. A ganinsu an samu damar zama a yi magana, fada ce ta ɓarar. Wasu kuwa na cewa ina! Ko da Amadu ya shimfiɗa wa baƙon darduma ya yanka masa sa, rundunar tana nan tafe, don an riga an raba ƙasar a takarda ba tare da an tambayi kowa a nan ba.

Gardamar ba ta hirar bakin kasuwa ce kawai ba. Tun bayan fitowar fim ɗin African Apocalypse a 2020, wanda ya bi sawun rundunar gari gari, maganar ta sake tasowa, har zuriyar waɗanda abin ya shafa suka kai kokensu gaban Majalisar Ɗinkin Duniya suna neman Faransa ta amsa laifinta. To idan aka ce sarakunanmu ne suka tsokano yaƙin, kun ga an rage wa wannan koke nauyi ke nan. Idan kuma aka ce babu abin da suka yi ba daidai ba, an koya wa yaranmu rabin labari. Shi ya sa muka ga ya dace mu baje wa masu saurarenmu, daga Korgom da Urafan har Mayahi da Kanembakashe, abin da ya faru bi da bi, kowa ya auna.

Baƙon da ya sauka birnin Zinder

Mu fara da Cazemajou, tunda a kansa ake rataya maganar. Ya taso ne daga Say, a bakin kogin Isa, da tafintansa mai suna Olive da ƴan sojoji baƙar fata kaɗan. Ba rundunar cin gari ba ce. Aikinsa biyu ne: ya riƙa karɓar sa hannun sarakuna a kan takardun yarjejeniya, kamar yadda ya yi a Argungu a farkon 1898, sannan ya isa wajen Rabeh a gefen tabkin Cadi ya ga ko za a ƙulla wata fahimta da shi.

Waɗannan takardu suna bukatar ɗan bayani. Ga sarkin wancan zamani, karɓar baƙo da ba shi amana abu ne sananne: ka zo da alheri, a ba ka masauki, mutanenka su yi ciniki, ka wuce. Ga Bature kuwa takardar shaida ce da zai kai gida a nuna wa abokin hamayya, Ingila ko Jamus, cewa wurin nan an riga su. Kalma ɗaya ce ke fita a bakin tafinta, amma kowane ɓangare da abin da ya ji. Irin wannan ne ya haɗa Habasha da Italiya faɗa: yarjejeniyar Wuchale ta 1889, rubutun Italiyanci ya ce Habasha ta shiga ƙarƙashin kariyar Italiya, na Amharik bai ce haka ba. Sai a filin Adwa aka warware ta a 1896.

Shi kuma Amadu, ɗan Sarki Tanimun ne, ya hau gadon sarauta a 1893. Ya gaji birni mai ganuwa, da bindigogi, da igwa har da waɗanda ake zubawa a gida, da hanyar fatake mai haɗa Tarabulus da Kano ta Agadas. A wannan shekarar dai Rabeh ya ci Borno, ya ƙone Kukawa, ya kafa zamansa a Dikwa. Da can Damagaram Kukawa take kai wa gaisuwa. Wanda ya ci uban gidanka ai yana ganin kai ma nasa ne, Amadu kuwa bai yi masa mubaya'a ba. Ana cikin haka, a watan Afrilu na 1898, sai ga Nasara da bindigogi ya sauka a ƙofar gari, kuma wajen Rabeh ya nufa. Gaba kura, baya sayaki.

Kada kuma a ɗauka fadar Zinder a duhu take. Fataken Tarabulus da Gadamas da ke zaune a birnin sun san yadda Faransa ta ci Aljeriya tun daga 1830, ta shiga Tunusiya a 1881, ta kama Tumbuktu a 1894. Labari na tafiya da raƙuma. Wanda ya ba sarki shawarar kada ya yarda da baƙon nan, ba zargin banza ya yi ba. Ranar 5 ga watan Mayu na 1898 aka kashe Cazemajou da Olive. Sojojinsu suka yi ɗan faɗa, suka janye suka koma yamma da labari.

A nan masu ra'ayin farko suna da hujja, kuma ba za mu raina ta ba. Ɗan aike ba shi da laifi, in ji Bahaushe, kuma addini ma bai yarda a taɓa wanda aka ba amana ba. Akwai wasu hanyoyin: a mayar da shi inda ya fito, a tsare shi, ko a yi ta ja masa rai da gobe da jibi har damina ta kama shi. Shekaru kaɗan kafin nan wani Bafaranshen, Monteil, ya sauka Sakkwato a 1891 wajen Sarkin Musulmi Abdurrahman, ya wuce Kano, ya isa Kukawa a 1892, ya fita ta Tarabulus, ba wanda ya taɓa shi. Kisan Cazemajou ya ba Faransa abin da take so, wato dalilin da za ta faɗa wa duniya. Kuma shi ya yanke wa Amadu ƙauna: bayan Tirmini ba a nemi sulhu da shi ba, farautarsa aka yi har aka kashe shi a Rumji cikin watan Satumba na 1899. Barikin da aka gina a kan dutsen Zinder ma sunan Cazemajou aka sa masa.

Kwana 40

To amma ku lura da kwanan wata. Daga 5 ga Mayu, ranar da aka kashe Cazemajou, zuwa 14 ga Yuni 1898 kwana 40 ne cif. A ranar 14 ga Yunin nan ne Faransa da Ingila suka sa hannu a Paris kan yarjejeniyar da ta raba ƙasar da ke tsakanin kogin Isa da tabkin Cadi. Tattaunawar kuwa an fara ta watanni kafin Cazemajou ya taka ƙofar Zinder. Yarjejeniyar ta ba Faransa Damagaram. Da ransa ko babu ransa, takardar haka za ta ce.

Mutane da yawa na cewa a taron Berlin na 1884 zuwa 1885 aka shata iyakarmu. Ba haka ba ne. Berlin ƙa'idojin wasan kawai ta kafa. Layin farko da ya shafe mu an ja shi ne a Landan ranar 5 ga Agusta 1890, daga Say zuwa Barruwa a bakin tabkin Cadi, aka ce duk abin da yake na daular Sakkwato ya faɗa hannun kamfanin Ingila na Royal Niger Company, abin da ke arewa na Faransa. Firaministan Ingila Salisbury har ya yi wa Faransawa shaguɓe a majalisa, cewa abin da aka bar masu ƙasa ce marar nauyi, yana nufin rairayi.

Ga wani abin mamaki a nan. Tambayar da Turawa suka yi shekara takwas suna ja a kanta ita ce, ina ƙarshen ikon Sakkwato? Amsar kuwa ko yaro a Tibiri ya san ta. Gobirawa da Katsinawan Maraɗi sun kwashe kusan ƙarni suna zubar da jini don kada a ce su talakawan Sakkwato ne. A Gawakuke, 1836, Sarkin Gobir Ali da Sarkin Katsina Rauda duk a fagen fama suka kwanta a gaban rundunar Muhammadu Bello. Zamanin Ɗan Baskore kuwa har cikin ƙasar Katsina da Kano ake kai hari. Duk da haka yarjejeniyar 1898 ta kafa tsinken kamfas a kan Sakkwato, ta zagaya da'ira mai nisan mil 100, kusan kilomita 160, ta ƙara wani yanki a gabas, sai ga Ƙonni da Tibiri da Maraɗi sun faɗa ɓangaren Ingila tare da Sakkwaton da suka ƙi. Tasawa da Mayahi da Zinder suka faɗa ɓangaren Faransa. Babu Bagobiri, babu Bakatsine, babu Badamagare ko ɗaya a teburin.

Kuma ba Voulet kaɗai aka turo ba. Runduna uku ce Paris ta shirya su haɗu a tabkin Cadi. Ta Foureau da Lamy ta taso daga Aljeriya a watan Oktoba na 1898, ta keto Sahara ta Ayar, ta iso Zinder farkon Nuwamba 1899. Ta Gentil ta hauro daga Kwango. Ta Voulet da Chanoine ta biyo ta yamma. Manufar ita ce a ɗinke mallakar Faransa ta arewa da ta yamma da ta tsakiyar Afirka wuri guda, musamman bayan da Ingila ta tilasta masu janyewa daga Fashoda a bakin kogin Nilu ƙarshen 1898. Ranar 22 ga Afrilu 1900 rundunonin uku suka haɗu suka kashe Rabeh a Kusuri, Lamy ma a nan ya mutu. Shiri mai girman haka ba don fansar mutum biyu aka yi shi ba.

Taswirar da babu ruwa a cikinta

Idan ana neman inda diflomasiyya ta gaza har ta ci rayuka, mu a ganinmu a nan ya kamata a fara dubawa. Waɗanda suka ja layin 1898 ba su san inda rijiyoyi suke ba. Hanyar da aka bar wa Faransa daga kogin Isa zuwa Zinder ta bi ne ta bayan da'irar Sakkwato, can arewa, inda a lokacin rani ayari babba ba ya samun abin sha. Garuruwa, rumbuna da ruwa duk suna kudu, a ɓangaren da aka ce na Ingila ne. Mutumin Mayahi da ya san zurfin rijiya a nesa da Gulbin Kaba ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Rundunar Voulet ta bar bakin kogi a watan Janairu na 1899, tsakiyar rani ke gabanta. Da sojoji, da ƴan dako da aka kamo da ƙarfi, da mata, da dabbobi, jama'ar ta doshi mutum 2000, ga igwa guda. Guzurin da aka ba ta bai kai ko'ina ba, an bar ta ne ta ci daga abin da ta tarar. Mutum 2000 su sauka a ƙauye mai rijiya ɗaya a watan Afrilu, ku kwatanta da kanku. Voulet ya karkata kudu ya keta layin da ƙasarsa ta sa wa hannu wata ƴan kaɗan da suka wuce. Ranar 16 ga Afrilu ya yi karo da Sarauniya a Lugu. Farkon watan Mayu ya afka wa Birnin Ƙonni, aka yi kisan da har yau ana nuna ramukan da aka binne mutane. Daga nan ya bi ta Tibiri, ya nufo ƙasar Tasawa, ƙauyuka na ci da wuta a bayansa.

Ba muna cewa ƙishirwa ce ta mayar da Voulet abin da ya zama ba. Shi da Chanoine an san su tun cin Wagadugu a 1896, an san irin hannunsu, kuma da sanin haka aka ba su aikin. Mahaifin Chanoine janar ne, har ya riƙe ministan yaƙi na Faransa na ɗan lokaci a 1898. Taswirar dai ita ta nuna masu ƙofar gidajen da za su shiga.

Sai tambaya ta gaba: da garuruwan sun miƙa wuya, da sun tsira? Amsar farko tana Sansanin Hausa, a bakin kogin Isa. Gari ne da ya riga ya shiga hannun Faransa, ba ya yaƙi da kowa. A watan Janairu na 1899, tun tafiya ba ta yi nisa ba, aka kashe mutum 101 a can, da mata da yara. Wace yarjejeniya ce suka karya? Wane ɗan aike suka kashe?

Amsa ta biyu tana Ɗankori. Wani hafsa da Voulet ya kora daga rundunar, Laftanan Péteau, ya rubuta wasiƙa gida yana ba da labarin abin da ya gani, maganar ta kai ga gwamnati, aka umarci Klobb, wanda ya riƙe barikin Tumbuktu, ya bi su ya karɓe jagoranci. Ya bi sawunsu da ƴan sojoji kaɗan, yana ratsa kufai da gawarwaki, yana rubutawa a littafinsa. Da ya matso ya aika wa Voulet takarda. Voulet ya mayar masa da amsa cewa yana da bindiga 600, in ya ƙara matsowa zai sa a buɗe wuta. Klobb ya matso sanye da kayan sarki, ya hana mutanensa harbi. Aka harbe shi, aka ji wa mataimakinsa Meynier rauni, a ranar bikin ƙasar Faransa. To jama'a, mutumin da ya harbe shugabansa, ɗan ƙasarsu, mai ɗauke da umarnin Paris a aljihu, wane Galadima ko Ƙaura ne zai tare shi da goro da farar tuta ya saurara?

Abin da Faransa ta yi da maganar daga baya shi ma abin lura ne. Wani ɗan majalisa, Vigné d'Octon, ya nemi a kafa kwamitin bincike, majalisa ta ƙi. Binciken ma'aikatar mulkin mallaka aka rufe shi a 1902, aka ce zafin ranar Afirka ne ya taɓa wa hafsoshin biyu ƙwaƙwalwa. Ƙasar da rundunar ta ci kuwa ba a mayar wa kowa ba. Pallier ya karɓi jagoranci, ya ci Zinder, Joalland da Meynier suka ƙarasa tabkin Cadi da sojojin nan dai da suka ƙone Ƙonni.

Kano, Sakkwato da Katsina

Makwabtanmu na kudu ma suna da irin wannan gardama, kuma tana taimakawa a gane tamu. A watan Oktoba na 1902 Magajin Keffi Ɗan Yamusa ya kashe wani jami'in Ingila, Kyaftin Moloney, ya gudu Kano, Sarki Alu ya karɓe shi. Lugard ya riƙe wannan hujja, tare da wata wasiƙa da ya ce Sarkin Musulmi Abdurrahman ya aiko masa ta yanke hulɗa. Kano ta faɗi ranar 3 ga Fabrairu 1903, Sakkwato ranar 15 ga Maris, aka ƙarasa Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi cikin watan Yuli. Daga baya wani tsohon jami'in mulkin mallakar Ingila, Muffett, ya rubuta littafi yana nuna shakku kan wasiƙar, yana cewa Lugard bai nemi sulhu da gaske ba. Kun ga salon ɗaya ne da namu: a samu gawar Bature guda, a ɗora mata yaƙin da aka riga aka shirya. Ai tun 1 ga Janairu 1900 Lugard ya yi shelar cewa Arewa duka tana ƙarƙashin Ingila, Moloney na nan da ransa.

Katsina kuwa ba ta yi faɗa ba. Sarki Abubakar ya karɓi Lugard a 1903, ba a fasa ganuwa ba, ba a ƙone gari ba. Bai daɗe ba aka tuɓe shi. Wannan misali na Katsina shi ya fi nuna mana iyakar abin da sulhu ke iya yi a wancan lokaci. Yana iya ceton rayuka da rumbuna, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne, wanda aka kashe wa kaka ya san haka. Amma ba ya hana mulki ya tafi. Ko a Zinder, wanda Faransawa suka naɗa bayan Kuran Daga, Amadu ɗan Basa, a 1906 suka zarge shi da shirya tawaye suka cire shi. Kuma ko wannan ɗan ceton sai in wanda ke gabanka mai jin magana ne. Lugard na son ya tarar da gari a tsaye don ya mulke shi. Voulet bai damu ba.

Gazawar da take tamu

Akwai wani sulhun da ya gaza, wanda ba a cika son ambatonsa a wajen taro ba, kuma shi ne namu na cikin gida. A shekarun da Turawa ke zana taswira, Damagaram na kai wa ƙasar Kano hari zamanin Sarki Alu. Kano ba ta daɗe da fita daga basasar Tukur da Yusufawa ba, wadda aka fara a 1893. Kabi na faɗa da Gwandu da Sakkwato, abin da ya sa Argungu ke maraba da duk baƙon da zai iya zama mata garkuwa. A Maraɗi Ƙaura Hasau ke naɗawa yana tuɓewa, har Sarki Mijinyawa ya baro garin ya dawo Tasawa. Ga Rabeh a gabas kowa na tsoronsa. Rundunar Voulet ta yi wata shida tana tafe daga bakin kogi zuwa nan, a hankali, hayaƙinta ana hangowa daga nesa. Kowane gari shi kaɗai ya tare ta, ko ya watse ya shiga daji. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Da sun haɗa kai da sun yi nasara? Ba za mu yi saurin cewa e ba. A watan Satumba na 1898 kaɗai, Ingila ta murƙushe daular Mahadi a Omdurman duk da dubban mayaƙanta, Faransa kuma ta kama Samori bayan ya yi shekaru yana ba ta wuya. Habasha ce ta tsira, don Menelik ya haɗa sarakunansa wuri guda, ya sayi bindigogin zamani, kuma ya iya haɗa Turawan faɗa da junansu. Sarakunanmu ba su da tashar ruwa kusa, ba su da wannan sarari. Amma runduna mai fama da ƙishirwa, wadda sojojinta suka kai ga juya wa shugabanninsu bindiga, ba abin da ba ya karyuwa ba ce. A ce an rufe mata rijiyoyi tun daga Adar har Gobir bisa shawara guda, da wuya ta iso Mai Jirgi da ƙarfinta. Wata za ta biyo baya, ba shakka, tunda Lamy na tafe ta arewa. Ƙila dai da ba a yi Ƙonni ba.

Su kuwa Turawan, da suka ga taswirarsu ba ta biyuwa, sai suka koma teburi suka gyara abinsu ba tare da harba ko harsashi ɗaya a tsakaninsu ba. Yarjejeniyar 8 ga Afrilu 1904 da ta 29 ga Mayu 1906 suka tura layin kudu don Faransa ta samu hanya mai ruwa zuwa Zinder. A nan ne Faransawa suka tuna cewa Gobir da Maraɗi ba su taɓa bin Sakkwato ba, don yanzu hujjar ta yi masu amfani. Ƙonni, Tibiri da Maraɗi suka dawo ɓangaren Faransa. Daga 1906 zuwa 1908 Kyaftin Tilho da Manjo O'Shee suka bi layin suna kafa alamomi.

Layin nan dai shi aka rufe a 2023. Bayan sojoji sun kifar da gwamnatin Mohamed Bazoum ranar 26 ga Yuli, ƙungiyar CEDEAO ta ba da wa'adin mako guda ranar 30 ga wata, ranar 10 ga Agusta ta ce a shirya rundunarta. Najeriya ta yanke wutar lantarki, mu da layinmu ke shigowa daga Katsina ta Gazawa mun ji a jikinmu, farashin kaya ya tashi, aka fara maganar yaƙi a fili. Bambancin da 1898 shi ne wannan karon masu magana da harshenmu sun samu shiga tsakani. Majalisar dattawan Najeriya ta nemi a bi hanyar sulhu. Ranar 9 ga Agusta Muhammadu Sanusi na biyu, wanda a lokacin ba ya kan gadon Kano, ya gana da Janar Abdourahamane Tiani a Yamai tare da Sarkin Damagaram, wato jikokin gidajen nan biyu da ke gwabzawa zamanin Alu da Kuran Daga. Malamai ƙarƙashin Sheikh Bala Lau suka biyo baya, sai Janar Abdulsalami Abubakar da Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar, waɗanda a zuwansu na farko ba su samu ganin Tiani ba, suka samu ranar 19 ga wata. Wasu za su ce ba jakadun ne suka hana yaƙin ba, rashin kuɗi da rashin goyon bayan jama'a ne, kuma wannan ma gardama ce mai zaman kanta. Rundunar dai ba ta taso ba. CEDEAO ta ɗage takunkumin ranar 24 ga Fabrairu 2024, a watan Maris aka sake buɗe iyakar Nijar da Najeriya.